Mun Aika Ɗa Koyon Likita: Wa Zai Yi Wa Magani?



Yau ina da magana mai ɗaci. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, amma ba zan janye ta ba.

Shekara 11 ke nan da muka raka wani yaro na garinmu tasha. Ya ci jarrabawar bak da sakamako mai kyau. Gwamnati ta ba shi kuɗin karatu, wanda ake kira burs. Aka ce zai tafi ƙasar waje koyon aikin likita. Ranar nan garin kamar ana salla. An yanka akuya, mata sun yi guɗa, liman ya yi addu'a. Ni kaina na zura masa jika 2 cikin aljihu. Kowa yana cewa: "To, mu ma mun samu namu likita."

Yaro ya yi karatu, ya gama. Yanzu yana aiki a wani asibiti can ƙasar Turai. Yana aiko wa uwarsa kuɗi, har ya gina mata ɗakin siminti. Ban ce mugun ɗa ba ne. Amma da damanar bara naƙuda ta gardama wa matar maƙwabcina. Bisa amalanken shanu muka ɗauke ta cikin dare zuwa gidan likita. Majo ya duba ta, ya ce wannan aiki ya fi ƙarfinsa, sai an yi tiyata a babban gari. Kafin mota ta zo, kafin a isa, ɗan ya mutu a ciki. Uwar ta tsira da ƙyar.

A kan hanyar dawowa na yi ta tambayar kaina: wannan likita da muka yi wa guɗa, wa yake yi wa magani yanzu?

Ga abin da nake son faɗi. Ɗalibin da ya tafi waje koyon likita da kuɗin jama'a, bashi ne a kansa. Biyan bashin nan abu biyu ne. Na farko, ya komo gida ya yi aiki inda marasa lafiya suke. Na biyu, ya yi musu magana da harshen da suke ji.

Yadda tafiyar take

Bari mu fara da sanin hanyar, domin kada mu yi hukunci cikin duhu.

Zuwa waje koyon likita ba yau aka fara ba. A shekarar 1918 Turawan mulkin mallaka suka buɗe makarantar likita a Dakar, ƙasar Senegal. Can ake tara yaran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Waɗanda suka gama ana kiransu likitocin Afirka, kuma matsayinsu yana ƙasa da na likita Bature. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa na farko, a nan ya gama a 1925.

Mu a Nijar, sai a 1974 aka buɗe makarantar koyon aikin lafiya a jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Kafin nan duk likitanmu a waje ya yi karatu. Yanzu jami'ar Maraɗi da ta Damagaram su ma suna koyar da likita. Duk da haka yaranmu ba su daina fita ba. Wasu suna zuwa Dakar, ko Bamako, ko Wagadugu, ko Kotonu. Wasu Maroko ko Tunisiya. Wasu Faransa ko Beljiyam. Har ƙasar Romaniya, wadda take da nata harshe, ta buɗe ajin likita da Faransanci a birnin Cluj domin baƙi masu biyan kuɗi. Kuɗin makaranta kaɗai a can ya wuce sefa miliyan 3 a shekara, ban da abinci da ɗakin kwana.

Me ya sa waɗannan ƙasashe? Saboda harshe. Yaron da ya shiga lekol tun yana ɗan shekara 7, da Faransanci aka koya masa lissafi, da shi ya ci bak. Shi ya sa yake neman inda ake koyarwa da shi.

Karatun yana da tsawo. A ƙasashenmu na Afirka shekara 7 ne ko 8. A Faransa yana kai shekara 10 zuwa 12. Shekarun farko ana koyon sassan jiki: ƙashi, jijiya, jini, hanta, huhu. Daga nan ɗalibi ya shiga asibiti, yana bin manyan likitoci, yana kwanan tsaro. A ƙarshe ya rubuta littafin bincike, ya kare shi gaban malamai, ya yi rantsuwa. Wanda yake son ƙwarewa a tiyata, ko ciwon ido, ko haihuwa, sai ya ƙara shekara 4 ko 5.

Kuma akwai wahala. Akwai sanyi, da kewar gida, da tsadar haya. Akwai wulaƙancin da baƙar fata yake sha a wasu wurare. A Faransa, daga 1971 har zuwa 2020, doka ta ƙayyade yawan waɗanda za su wuce shekarar farko, kuma mafi yawan ɗalibai a nan suke faɗuwa. Wanda ya haye duk wannan, namiji ne ko mace, ya cancanci yabo. Na yaba masa. Amma yabo ba ya biyan bashi.

Kuɗin wa aka kashe?

Za ku ji wani ya ce: "Ƙoƙarina ne, ƙwaƙwalwata ce, ba wanda ya yi mini karatu."

To, mu yi lissafi. Shekara 6 a lekol, shekara 4 a kolej, shekara 3 a lise. Shekara 13 ke nan kafin ya taka jirgi. Wa ya gina ajin? Wa ya biya mushen da ya koya masa? Gwamnati. Ita kuma gwamnati ba ta da gona. Kuɗinta daga lanho suke, da kuɗin kasuwa, da na duwan, da arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu duka. Duk tiyar hatsin da aka sayar a kasuwa, duk bunsurun da aka kai kara, akwai rabon karatun yaron nan a ciki.

Ban da wannan, sa'ad da yake aji, wa ya yi noman da zai yi? Ƙannensa. Wa ya ɗebo ruwa? Ƙanwarsa da ba a sa lekol ba. A gida mai ɗiya 8, sau da yawa ɗaya ne ya yi nisa a karatu. Sauran 7 su suka ɗauke shi bisa kafaɗa.

Wanda ubansa attajiri ne, ya biya masa da aljihunsa, bashinsa ya fi sauƙi. Na yarda. Amma shi ma ya tambayi kansa inda uban ya samu dukiyar. Cikin kasuwar waɗanne mutane?

Wa ya fi bukatar likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, tana ƙidaya likitocin kowace ƙasa. A Faransa likita ɗaya yana kula da mutum wajen 300. A Nijar likita ɗaya yana da mutum fiye da 20,000. Kuma waɗannan likitoci kaɗan, yawancinsu suna Yamai da manyan garuruwa, alhali yawancin ƴan ƙasa a ƙauye suke.

Ku dubi wannan da kyau. Talaka ya ciyar da saniya shekara 20, ranar da ta fara ba da nono sai aka kai ta garken mai shanu dubu. Ko a wace kotu, wannan ba adalci ba ne.

Duniya ma ta san haka. A 2010 ƙasashen OMS suka amince da wata ƙa'ida a kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa zuwa wata. A 2023 hukumar ta fitar da sunayen ƙasashe 55 waɗanda bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikata ba. Nijar tana ciki. Sai dai ƙa'idar ba ta da sanda, ba ta tilasta wa kowa. Ƙofa a buɗe take.

Kuma kada ku zaci wanda ya zauna can sarauta yake yi. A Faransa, likitan da ya samo takardarsa daga wajen Tarayyar Turai ba ya zama cikakken likita sai ya ci wata jarrabawa mai wuya. Kafin nan yakan yi shekaru yana aikin dare a asibitocin da ƴan ƙasar suke gudu, da albashi ƙasa da nasu. Wato ya bar inda za a miƙe tsaye in ya shigo, ya tafi inda zai zama ɗan cike gurbi.

Hujjojinsu

Waɗanda suka ƙi dawowa suna da hujja. Mu saurare su.

Suna cewa: "Ba kayan aiki. Na koyi tiyata da na'urori, in na zo ba lantarki, ba jini, wani lokaci ba safar hannu." Gaskiya ne a wurare da yawa. Amma wa zai yi faɗan samo kayan? Manomi bai san sunan na'urar ba, balle ya nema. Asibitin da ba likita, ba mai kai masa na'ura. Sai mutum ya zauna cikin ɗaki yake sanin inda yake yoyo.

Suna cewa: "Albashi kaɗan ne." Wannan ma gaskiya ne. Ba na son likita ya yi bara. Amma akwai abokan karatunsu da suka komo, suna nan suna aiki da wannan albashin a Dakoro, da Tanut, da Abalak. Su ba su da ƴaƴa ne? Ba su san daɗi ba ne?

Suna cewa: "Na komo, na yi shekara 2 ina yawo da takardu, ba a ɗauke ni aiki ba." Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma laifin ba na yaro ba ne. Ƙasar da take kukan rashin likita, kuma ta bar likita yana zaman banza, ta yi abin kunya. Zan komo kan wannan.

Likita mai tafinta

Yanzu bashi na biyu, wato harshe.

Wata rana na kai ƙanwata wani asibiti. Likitan saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga waje ba. Daga sunansa na gane ɗan yankinmu ne. Amma da Faransanci ya yi tambaya, wani mai shara yana fassarawa. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ta ce: "Sanyi gare ni." Tafinta ya gaya wa likita wai tana jin sanyi. Likita ya fara rubuta maganin masassara.

Ku duka kun san abin da mace take nufi in ta ce tana da sanyi. Ciwon mata take nufi, wanda kunya ba ta barin ta ta kira sunansa gaban maza biyu. Da ban sa baki ba, da mun sayi maganin da ba nata ba, da kuɗin da muka ranto.

Irin wannan yana da yawa. Mai shawara ya zo da ido rawaya, kalmar kuma tana nufin wani abu dabam a bakin wanda bai sani ba. Mace ta ce ta yi ɓatan wata. Uwa ta ce haƙori ne yake sa wa yaro zawo. Tsoho ya ce iska ce ta buge shi. Ba littafin Faransanci da zai koya wa ɗalibi waɗannan. Kuma manyan likitoci da kansu suna koyar da cewa yawancin cuta daga bakin marar lafiya ake fara gane ta, tun kafin awo. To, in bakin bai isa kunne ba fa?

Ban ce a bar Faransanci ba. Ilmi duk inda yake a je a ɗauko shi, da kowane harshe. Littattafan likita da shi aka rubuta su, da Ingilishi. Amma harshen karatu dabam, harshen jinya dabam. A aji ka yi Faransanci. Gaban tsohuwar da ta yi tafiyar rabin yini a ƙasa, ka yi Hausa. In an kai ka Tilaberi ka koyi Zabarmanci. In Difa ce ka koyi Barbarci. In cikin makiyaya ne ka koyi Fulatanci ko Buzanci. Wanda ya iya haddace sunayen ƙasusuwan jiki fiye da 200 da baƙon harshe, ba zai kasa koyon gaisuwa da tambayar ciwo ba.

A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To, a gani a ƙasa. Inda ya fi dacewa a fara gani shi ne ɗakin likita.

Cutarmu a nan take

Akwai wani abu kuma. Kowace ƙasa tana koyar da cututtukan da suka dame ta. Ɗalibin da ya yi karatu a Turai zai ga ciwon tsufa da ciwon zuciya da yawa. Yana iya gamawa bai taɓa ganin yaro mai tamowa ba, ko mace mai yoyon fitsari, ko saran kububuwa. Zazzaɓin cizon sauro, wanda yake cika asibitocinmu daga watan Agusta zuwa Oktoba, a can baƙo ne. Sanƙarau da ya yi mana ɓarna a 1995, ya sake yi a 2015, ba haka yake zuwa musu ba. Saboda haka wanda ya komo, kada ya zo da girman kai. Ya zauna kusa da tsohon majo da ungozoma, ya ƙara karatu.

Kuma mu tuna inda aka ci nasara. Kurkunu ya gurgunta kakanninmu lokacin noma. A 2013 OMS ta shaida Nijar ta rabu da shi. A farkon 2025 ta shaida mun rabu da makantar da ƙudan bakin kogi yake kawowa, kuma mu ne na farko a Afirka. Allurar sanƙarau da aka fara a 2010 ta karya irin da ya fi kashe mu a da. Waɗannan ayyuka an yi su ne ƙauye ƙauye, rijiya rijiya, da mutanen da suka zauna bisa tabarma suka yi wa jama'a bayani da harshensu. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu agaji da ungozomomi a ƙauyukan Maraɗi. Likitan da ya komo, a kan wannan tushe zai ɗora gini.

Mu ma da namu laifi

Kada mu nuna yatsa waje ɗaya. Mu iyaye fa?

Sau nawa yaro ya ce zai komo, uba ya ce: "Zauna can, me za ka zo yi? Kai dai aiko." Mun fi son kuɗin da yake aikowa da ganin fuskarsa. Muna alfahari a majalisa cewa ɗanmu yana Turai. Amma ranar da jini ya ɓalle wa mai haihuwa, kuɗin da ke cikin salula ba ya ɗinke ta. Hannu take bukata, kuma hannun yana nesa.

Akwai kuma masu sayar da gona saboda daɗin bakin dillali. Wani ya zo ya ce yana da hanya, zai samo wa ɗanka makarantar likita a waje. Ka yi hattara. Ba kowace takarda ce ake karɓa ba. Akwai hukumar da ake kira CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ofishinta yana Wagadugu. Tana duba takardun jami'o'in ƙasashenmu masu aiki da Faransanci. Kafin ka fitar da ko dala, ka aika wanda ka yarda da shi ma'aikatar ilmi mai zurfi, ya tambaya: makarantar nan an san ta? In yaro ya gama, za a bar shi ya yi aiki a Nijar? Shekara nawa ne, kuma nawa ne kuɗin duka? Tambaya ba ta cin kuɗi. Gona kuwa in ta tafi, ta tafi.

Sai maganar ƴan mata. Muna cewa ba mu son namiji ya duba matanmu. Amma muna fitar da yarinya daga aji tun kafin ta gama kolej. To, daga ina likita mace za ta fito? Daga sama?

Abin da ya kamata

Ga hukuma: duk wanda aka ba burs na likita, a yi yarjejeniya da shi a rubuce, gaban iyayensa. In ya gama, zai yi shekaru kaza yana aiki a wajen Yamai. In ya ƙi, ya biya abin da aka kashe. Ita ma hukuma ta cika nata alkawari. Ta biya burs a kan lokaci. Ta ɗauke shi aiki da zarar ya komo. Ta ba wanda ke ƙauye gida da ƙarin albashi, ta sa shi gaba in za a aika mutane ƙaro ilmi. Kuma kafin a ba shi asibiti, a gwada ko yana iya tambayar marar lafiya da harshen wurin.

Ga ɗalibai: ku tafi, ku yi karatu da gaske, ku fi ƴan ƙasar ƙoƙari. In kun zo hutu, ku shiga gidan likita na garinku, ku saurari yadda mutane suke faɗin ciwonsu, ku rubuta. Wanda ya riga ya kafa iyali a can, ba mu yanke masa ƙauna ba. Ya zo ko wata ɗaya ne a shekara, ya yi aiki, ya koyar da na baya.

Ga mu mutanen gari: likitan da aka kawo mana, mu riƙe shi da kyau. Mu ba shi masauki, mu girmama iyalinsa, mu kai marar lafiya da wuri tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba. Kuma ranar da za mu raka wani yaro tasha, bayan addu'a, mai gari ya tashi gaban kowa ya ce masa: "Mun ba ka aro ne. Muna jiran ka."

Yaron garinmu da na faɗa muku, na sa an rubuta masa wasiƙa. Na gaya masa labarin matar maƙwabcina, wadda tare suka yi wasan ƙasa suna yara. Ban zage shi ba. Na ce masa ɗakin uwarsa ya yi kyau, amma garin yana da uwaye da yawa. Har yanzu ina sauraren amsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya komo mana da ɗiyanmu.